Foldar Wucin Gadi

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, dabbobi suka gaji da yadda ambaliya ke faɗo musu kowace damina ba sallama, sai suka kafa Majalisar Fasahar Zamani. Aka zaɓi Hajiya Dorina ta shugabance ta, bisa hujjar cewa duk dajin babu wanda ya kai ta sanin ruwa. Gaskiya ne kuwa. Abin da masu zaɓe suka manta shi ne, ambaliya a wurin Dorina ƙarin faɗin ɗaki ce kawai.

Majalisa ta sa Malam Kurege ya rubuta manhaja da kod, wato yaren kwamfuta. Aka kafa ma'aunin ruwa can saman kogi, inda ruwa ke yin kwana biyu kafin ya iso fadama. Aka ajiye babbar kwamfuta a kogon kuka, aka ɗaura lasifika a reshe. Da zarar ruwa ya taɓa ma'auni, manhaja za ta yi shela kowa ya hau tudu. Ta kuwa yi aiki, kada a ci amanarta. Bara ta yi shela da murya garau, kwana biyu bayan ruwa ya gama ɓarna, ana cikin shanya tabarmi. Ihu bayan hari ne, amma da lasifika.

Da aka bincika, laifin bai taka kara ya karya ba. Kurege ya so ya ce wa manhajar ta jira daƙiƙa huɗu, sai ya rubuta kwana huɗu. Ya yi alkawarin gyarawa kafin a gama shan kunu. Rani ya wuce, bazara ta shigo, ana ta gwaji. Gwajin kuwa shi ne a zuba ƙwaryar ruwa a kan ma'auni a saurara. Duk zubawa, sai bayan kwana huɗu lasifika ta firgita masu barcin rana.

Wadda abin ya fi ci wa rai ita ce Zabuwa. Ƙwai goma sha huɗu gare ta a cikin ciyawar fadama. Ba ta iya kai su tudu tun da wuri, don can fili ne fetal, kuma Guza na sintiri safe da yamma yana lasar baki. Ba ta kuma iya jiran ganin ruwa da ido, don mirgina ƙwai ɗaya-ɗaya da baki zuwa tudu aikin yini guda ne. Kwana biyun nan da aka yi alkawari, su ne rayuwar 'ya'yanta. Saboda haka ranar taro ta riga kowa zuwa.

Ta ce, "Ranki ya daɗe, ni ban san kod ba, ban san kwamfuta ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Tambayata ɗaya ce, an gyara ko ba a gyara ba?"

Kurege ya miƙe. Ya ce, "Ranki ya daɗe, wallahi na gyara. Sau bakwai na gyara. Na goge kwana na rubuta daƙiƙa da hannun nan nawa, na adana, na tofa addu'a. In ƙarya nake, kada gyaɗa ta ƙara yi mini daɗi. Amma abin nan kamar da aljanu."

Ba aljanu ba ne. Kurege ne, da halinsa na gado. Yadda yake binne gyaɗa a rami ashirin don gudun ɓacin rana, haka yake yi wa aiki. Kafin ya taɓa ko harafi ɗaya sai ya kwafe foldar aikin, wato jakar ajiyarsa a kwamfuta, gaba ɗaya ya raɗa mata suna. Akwai "shela", akwai "shela-sabuwa", akwai "shela-sabuwa-fil", akwai "ta-ƙarshe", akwai "ta-ƙarshe-da-gaske", har da "wannan-ce-wallahi". Cikinsu kuwa fayilolin iri ɗaya ne sak, kamar an tsaga kara. Ita kuma edita, wato manhajar da yake rubuta kod a cikinta, tana da wata irin biyayya mai halaka maigida: foldar da ka bari a buɗe jiya ita za ta buɗe maka yau, ba tambaya. Sau bakwai ɗin nan Kurege gyara yake yi tsakani da Allah, a foldar da babbar kwamfuta ba ta ma san da zamanta ba.

Dorina ta tambaya, "To wacce ce ta gaskiyar?"

Aka ƙirga, folda arba'in da ɗaya.

Nan Injiniya Gara, mai kula da tsari, ta nemi a goge arba'in a bar ɗaya. Ba ta rufe baki ba Iya Gafiya, mai ajiyar majalisa, ta zabura.

Ta ce, "Goge? A gabana? Ranki ya daɗe, tun ina budurwa ban taɓa yar da ko ɓawon gyaɗa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Wa ya san ranar da za a nemi 'shela-sabuwa-fil'? Ni ma da na ga yaron nan yana wasa da dukiyar al'umma, kowace Juma'a nakan kwashe abin da na samu in zuba a wata folda tawa mai suna 'tarkace', don tsaro."

Gara ta ce, "Iya, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa."

Gafiya ta ce, "Ke da kike cin ginin mutane ta ciki, ke ce za ki koya mini ajiya?"

Sai da aka shiga tsakani. Cikin hayaniyar Hawainiya ta kawo shawarar a sauya launin edita daga baƙi zuwa kore, wai baƙi na kashe zuciyar ma'aikata. Wannan shawara ce kaɗai ta samu amincewar kowa a ranar, har aka kafa mata kwamiti.

Zabuwa ta ƙara ɗaga murya. Ta ce, "Ku gafarce ni. Mu mata in muka haɗa ƙwai a kwando ɗaya, kowacce takan shafa wa nata gawayi. Malam ya shiga kowace folda ya sa ta faɗi sunanta a ƙarshen shela. A zuba ruwa. Wadda muka ji sunanta, ita ce."

Ba a saba jin magana mai sauƙi haka a zauren ba. Dorina ta ce a gwada, amma kada a rubuta cewa daga wajen majalisa shawarar ta fito.

Kurege ya yini yana shiga folda yana fita. Aka zuba ruwa. Ranar kwana na huɗu duk daji ya taru gindin kuka, lasifika ta yi gyaran murya ta ce, "Jama'a, a hau tudu! Sanarwa daga tarkace, wucin-gadi-a-goge-gobe!"

Ashe shekara guda ke nan lafiyar dajin kaf tana rataye a wata folda da Kurege ya buɗe cikin gaggawa ranar da aka ƙaddamar da aikin, da niyyar gogewa washegari. Tun farko a cikin tarkacen Iya Gafiya ya jefa ta, ya nuna wa babbar kwamfuta hanyar wurin, ya manta.

Zabuwa ta yi guɗa. Kurege ya jawo kwamfutarsa ya ce yanzu-yanzu zai gyara. Da an bar shi, da labarin nan ya ƙare a nan, da ni ma na huta.

Dorina ta ɗaga hannu. Ta ce, "Dakata, Malam. Kun ji abin da lasifika ta faɗa a bainar jama'a? Tarkace! Wucin gadi! In baƙi daga wani daji suka ji cewa aikin Majalisar Fasahar Zamani a tarkace yake kwana, ina za mu sa fuskarmu? Mutunci madara ne. Ba za a taɓa ko harafi ba sai an mayar da aikin nan mazauni na daraja. Injiniya, wuƙa da nama suna hannunki."

Gara ta yi kwana shida tana gini, kuma a faɗi gaskiya, ginin ya yi kyau. Ta buɗe folda "Majalisa", cikinta "Ayyuka", cikinta "Manya", cikinta "Na-Damina", cikinta "Masu-Ruwa", cikinta "Tabbatattu". Ta buɗe wa rani nasa rukunin, ta buɗe wa ayyukan da ba a fara ba, har da folda ta ajiye foldodin da ba a san inda za a sa su ba. Yawancinsu babu komai ciki, amma an share su tas. Sannan ta ciro wucin-gadi daga tarkace ta kai ta can ƙuryar ginin, ta sa mata suna "Shela-Mai-Daraja". Iya Gafiya ta kwafe duka don tsaro.

Kowace safiya cikin kwanakin nan Zabuwa na zuwa ta tsaya bakin zaure tana duban gabas. Kowace safiya ana ce mata an kusa.

Rana ta bakwai Kurege ya buɗe foldar gaskiya, ya duba sunanta sau uku, ya goge kwana ya rubuta daƙiƙa. Gyara ya yi daidai, babu ko ɗigon kuskure. Abu ɗaya ne ba wanda ya tuna. Ita babbar kwamfuta ba a gayyace ta bikin tarewa ba. Tsohuwar hanya ta sani, can take leƙawa cikin tarkace, ta tarar wayam, ta koma ta zauna.

Aka zuba ruwa a ma'auni. Shiru. Aka jira kwana huɗu. Shiru.

Dorina ta ce, "Alhamdu lillahi. Cutar manhajar nan ita ce ihu bayan kwana huɗu. Yau ga kwana huɗu, wa ya ji ihu? An warke."

Zabuwa ta ce, "Ranki ya daɗe, ai nan take ɗin ma ba ta yi ba."

Gara ta ce, "Baiwar Allah, ci gaba ke nan. Tun da ta samu muhalli mai tsari, yanzu tana bambance ruwan ƙwarya da ruwan ambaliya."

Aka tafa. Kurege ya buɗe baki zai ce a ƙara dubawa, sai aka rataya masa lambar yabo a wuya, nauyinta ya rufe bakin.

Ruwa ya iso ranar Talata da hantsi, rana na haske tar, lasifika na nan a reshe tsuntsaye na hutawa a kanta. Zabuwa ta ji sanyi a ƙafa, ta duba, ta fara mirginawa. Ta kai ɗaya tudu ta dawo a guje. Ta kai na biyu, na uku. Na huɗu da ƙyar, ruwa har wuya. Da ta juyo ɗaukar na biyar, babu fadama, babu ciyawa, sai jan ruwa yana tafiya da goma. Ta tsaya tana kiransu, su da ba su taɓa jin muryarta a fili ba.

Washegari majalisa ta yi zaman gaggawa. Hajiya Dorina ta iso jikinta na sheƙi, ta ce rabonta da wanka irin wannan tun bara, sannan ta tuna dalilin taron ta gyara fuska. Kwamitin bincike ya gano cewa kod daidai yake, foldodi a tsare suke, ajiya cikakkiya ce, saboda haka babu mai laifi. Kurege kaɗai ya cire lambarsa ya ajiye ƙasa yana kuka, aka rubuta cewa gajiya ce.

Zabuwa ta shigo, taɓo har fiffike. Ta ce, "Ban zo ƙara ba, ranki ya daɗe. Saura huɗu, suna tudu, na bar ƙanwata tana korar Guza. Na zo ne in tambaya wace folda zan sa su, tun da na lura abin da ke folda a dajin nan ba ya ɓata."

Gara ta ɗauki tambayar da muhimmanci, ta ce sai an fara tantance ko ƙwai aiki ne da aka fara ko wanda ba a fara ba. Zabuwa ba ta jira hukunci ba, ta koma tudu.

Majalisa ta rubuta mata takardar ta'aziyya mai ratsa zuciya. Ba a kai ga aika mata ba, don an rasa wanne ne kwafin ƙarshe, amma duka goma sha tara suna nan lafiya, ko ɗaya bai jiƙe ba.