Makulli a Aljihun Jatau

A garin Tsamiya Biyu, bayan kasuwa, akwai gidan Malam Barau tela. Su uku ne a ciki: shi, da matarsa Asabe, da ƙaninsa Jatau, wanda ya ba arba'in baya, amma in ka ce masa tsaya nan, to damina za ta same shi a tsaye. Barau gwani ne a keke, sai dai shagonsa ya zama majalisa. Rediyo na yi, 'yan hira na yi, shi kuma ko akuya ce ta gifta sai ya leƙa. Masu kawo ɗinki duk sun watse. Saura Hajiya Ladidi, wadda ta kawo ankon mata ashirin na bikin ɗanta, ta ce, "Kwana goma, Barau. In ka saɓa, ka sayar da keken ka kama tallan rake." Ya san kuwa in ta tafi, shago ya rufu.

Wata rana ya ce, "Jatau, duk abin da ke ƙara a shagon nan ka fitar da shi kafin in dawo daga masallaci." Ya dawo ana ruwa, ya tarar da rediyo a waje, 'yan hira an kore su, ga keke a tsakiyar titi yana shan ruwa.

"Keken fa?"

"Yaya, ai ya fi kowa ƙara."

Kwana biyu keke ya yi a wurin mai gyara.

Wata rana Barau ya dubi bango cike da tsofaffin kalanda da hotunan 'yan ƙwallo, ya ce, "Ina so in ɗaga kai in ga bangon nan fes, ba komai." Ga shi Barau bai taɓa ajiye littafin awo ba, a bango yake rubuta awon kowa da alli. Jatau ya ɓamɓare kalanda, ya kwaɓa farar ƙasa, ya shafe bango tas, har da kafaɗa da ƙugun mata ashirin. Asabe ta yi kwana uku tana bin gida-gida tana sake awo, ana yi mata dariya.

Ya rage kwana huɗu, riga uku kacal aka ɗinka. Barau ya zuba tagumi, ya fara tunanin ina ake sarin rake. Asabe ta ajiye masa koko ta ce, "Malam, ba rediyo, ba kalanda. Yanzu kuma laifin wa?"

Wata rana, da ƙarfin hali kawai, ya ce, "Jatau, ka ga ƙofar nan? Kada a buɗe ta sai aiki ya ƙare." Jatau ya fita, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu. Ba a jima ba faɗa ya kaure a kasuwa. Barau ya zabura kamar kullum, ya ji ƙofa gam.

"Buɗe, Jatau."

"Aiki ya ƙare?"

"Ni ne fa na faɗa."

"Shi ya sa, Yaya."

Ya yi zagi, ya yi lallashi, ya haɗa shi da darajar iyaye. Jatau na zaune a dakali yana cin gyaɗa. Allah ya taimaka akwai makewayi ta cikin shago. Tuwo da ruwan alwala kuwa ta taga suke shiga. Da Barau ya rasa abin kallo sai farin bango, ya rasa abin saurare sai keke, sai ya taka keke.

Ranar ta goma Hajiya Ladidi ta zo da shirin masifa, sai ga riguna ashirin suna fitowa ta taga, a goge. Ta juya su, ta rasa aibu. Don jin daɗi ta tura wasu yadudduka goma ta tagar, na sunan jikarta.

Barau ya ce, murya a dushe, "To Jatau, buɗe."

Jatau ya ciro makulli, ya leƙa ya ga sababbin yadudduka a kan keke, ya mayar da shi aljihu.