Ranar da Na Ce Ɗalibai Su Auna Ni

"Duk jami'ar nan babu mai haɗiye gyara kamata!" Haka na bugi ƙirji a taron malamai, ni sarkin cika baki. Kujera nake hari, ta shugaban sabon shirin koya wa ɗalibai sarrafa kai da iya zama da mutane. Shugabar sashenmu ta ce to madalla, za ta zo ajina ta gani da idonta kafin ta ba da kujerar.

Ranar na iso a makare da minti ashirin, ina hura hanci. Ita tuni ta zauna a bencin baya. Na raba ƙananan takardu na ce, "Kowa ya auna na kusa da shi a kan kiyaye lokaci, da sauraro, da haƙuri. Ban da sa suna." Sai rawar kai ta ɗebe ni na ƙara da cewa, "Kai, ku bar juna, ni za ku auna! Ku ga yadda manya ke karɓar gyara."

Ɗan'uwa, baki shi ke yanka wuya. Aka tara takardun a kwali, na zaro ta farko na karanta da ƙarfi: "Malam kullum a makare."

"Cunkoson hanya ne," na ce, ina murmushin yaƙe.

Ta biyu: "Malam ba ya bari a gama magana."

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu. "Malam, abin da ake nufi..."

"Zauna, na gane!"

Aji ya fashe da dariya. Na zaro ta uku: "Malam ba ya jure gyara."

Nan fa na daki tebur har kwalin ya kife. "Wane marar kunya ne? Wallahi sai na gwada rubutun nan da takardun jarrabawarku ɗaya bayan ɗaya!"

Can a bencin baya hannu ya tashi a hankali.

"Kada ka wahalar da kanka, Malam," in ji shugabar sashe. "Nawa ne."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kujera dai maƙwabcin ofishina aka ba, wanda ko tari bai yi ba a taron. Bayan mako guda sai ga shi da fara'arsa.

"Malam, alfarma nake nema. Ɗalibai sun ce ba su taɓa gane darasi kamar na ranar nan ba. Ko za ka riƙa zuwa duk zango kana maimaita musu?"