Ranar da Na Ja Muryar Yaya a Cikin Taɓo

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin nan ba, ko da kuwa za a wanke mini kai da sabulun salo. Abin bai daɗe ba, a hutun daminar da ta wuce ne.

Ni ce ta farko a gidanmu da ta kai sakandare, shi ya sa in na dawo Rano hutu nake tafiya kamar mai ɗauke da tulun ilimi a ka. A makaranta malamar kimiyya takan karanta mana labaran matasa daga wata mujalla: sababbin faya-fayan garmaho, jirgin sama marar farfela, keken ɗinki mai aiki da lantarki. A nan na ji labarin akwatin da ke kama muryar mutum ya ajiye ta a jikin zare. Da kunne ɗaya na saurara (ɗayan yana wajen ƙararrawar abinci), amma na tashi ina ganin na gama sani.

Yayana Garba ne ya kafa injin niƙa a bakin kasuwa, har daga Rurum ake kawo masa hatsi a kan jakai. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba shi da murfi. Ga shi lokacin siyasa ta yi zafi. Wani tela a Kibiya ya yi wata magana a kan masu sarauta yana cikin taka keke, wani ya kwasa ya kai, har yau iyalinsa gidan yari suke kai masa tuwo. Tun daga nan kowa ya koyi duba hagu da dama kafin ya yi tari. Ban da Yaya.

To, ran nan bayan azahar sai ga baƙo a kan babur. Baƙin tabarau, wando irin na Turawa, da wata jaka mai nauyi da ya rungume kamar jariri. Ya ce daga gidan rediyo yake, suna shirin samari ne, suna yawo suna ɗauko labarin matasa masu sana'a da sababbin injuna. Yaya ya shimfiɗa masa tabarma a soro, baki har kunne. Ni aka aika da fura.

Ina ajiye ƙwaryar ya ɗago ya ce, "Ke ce 'yar sakandaren?"

Ban gaya masa ba. Ban taɓa ganinsa ba. Wa ya ba shi labarina? Kuma me ya sa mutum zai zauna a cikin soro mai duhu bai cire baƙin tabarau ba? Na ce "Ni ce," na fita, amma ban yi nisa ba. Na laɓe a bayan asabari.

Ya buɗe jakar, ga akwatin nan da malamarmu ta faɗa, da faifai biyu a samansa suna juyawa a hankali. Ya miƙa wa Yaya abin magana. Da fari tambayoyin ba su da laifi: ina ya koyi gyaran inji, me yake yi in bel ya tsinke, wace waƙa samarin Rano suka fi so a garmaho. Can sai ya sassauta murya.

"Takardar izini fa, Malam Garba? Ba ta ba ka wahala ba?"

"Wahala?" in ji Yaya. "Malam, na gai da wanda ya kamata in gaisar, na gai da wanda bai kamata ba. Kajin gidanmu sun fi ni sanin hanyar gidajen wasu manya."

Baƙon ya yi dariya, ya ce, "Ɗan ƙara matso da bakinka."

Ƙara matso da bakinka. A take na hango Yaya a gaban alƙali, an kunna akwatin, muryarsa tana ba da shaida a kansa. Na hango inji a rufe, na hango kaina da kwanon tuwo a ka ina bin hanyar gidan yari. Na ce a raina, duk gidan nan ni kaɗai na san abin da akwatin nan yake yi, saboda haka ni kaɗai zan iya ceton sa.

Aka kira la'asar. Suka tashi suka tafi masallaci, suka bar kayan a kan tabarma, don a garinmu ba a taɓa kayan baƙo a soro. (Har zuwa ranar, ke nan.)

Na shiga. Faifai biyu: ɗaya cike taf da wani zare mai faɗi, ruwan ƙasa, kamar siririyar kaba, ɗayan kuma kaɗan ne a jikinsa. Sai na yi amfani da kimiyyata. Yaya ya daɗe yana zuba, ai kuwa wanda ya cika shi ne ya sha maganar. Na zare shi, na soke a ƙugu cikin zane, na ja mayafi na rufe. Na miƙe na nufi cikin gida da tafiyar mutanen kirki, ido a gaba. Na ratsa tsakar gida da ruwan safe ya mayar taɓo, na bi ta gefen turken awaki, na shige madafi. Niyyata in jefa shi a murhu a huta.

Sai na tarar da Inna tana tuƙin tuwo, ga Asabe matar Yaya tana gyaran kuɓewa. Ba dama. Na ja kujera 'yar tsuguno na zauna a bakin wuta, na ce zan taya su hurawa.

"Inna, riƙe ni kar in faɗi," in ji Asabe. "Yau Malama ce a bakin murhu. Ko an rufe makarantar ne?"

"Ƙyale ta," in ji Inna, amma tana kallona ta wutsiyar ido. "Ke 'yar nan, lafiya kike gumi haka?"

Na ce zafin wuta ne. Wallahi a lokacin ji nake kamar muryar Yaya tana motsi a ƙuguna, kamar yanzu za ta fito ta ce "kaji". Na danne wurin da gwiwar hannu. Ina jiran ɗayarsu ta juya baya, babu wadda ta juya.

Can na ji an ja ni. A hankali, daga ƙugu, kamar yadda ake jan guga a ji ko ya cika. Na ƙanƙame. Aka sake ja. Ni kuma, da yake tsoro ya riga ya cinye mini hankali, sai na sa hannu ta ƙarƙashin mayafi na ja da ƙarfi.

Asabe ta ajiye wuƙa. "Malama, mene ne wannan yake binki?"

Na waiga. Zaren nan ne, ya fito daga ƙasan zanena, ya bi ta ƙofar madafi, ya kwanta cikin taɓo, ya zagaya turke, wani ɗan akuya ya kama tsakiyarsa yana taunawa cikin natsuwa, ya miƙe har soro. Ashe zare ɗaya ne ya haɗa faifan biyu. Duk takun da na yi, wancan na kan akwati yana warwarewa yana bina. Baƙon, da yake namiji ne ba zai shigo cikin gida ba, yana tsaye a soro yana naɗewa ta can. Yaya kuwa ga shi nan tafe a sunkuye, yana bin zaren kamar maharbi a kan sawu, har ya zo ya tsaya a kaina. Daidai nan zaren ya tsinke a bakin ɗan akuyan.

"Tashi," in ji Yaya.

"Ba zan iya ba."

"Na ce ki tashi."

Na miƙe. Faifan ya sulluɓo ta cikin zane, ya faɗi, ya gangara ya tsaya a ƙafar Asabe. Maƙwabta har sun fara leƙowa ta katanga. Na ga tunda asiri ya tonu gara in faɗi gaskiya, na ɗaga murya na ce, "Yaya, ɗan sandan ciki ne! Ɗaure ka za su yi kamar telan Kibiya."

Sai muryar baƙon ta taso daga soro, ba faɗa, ba fushi, wanda hakan ya fi yi mini ciwo.

"Malam Garba, ka gaya wa ƙanwarka wanda ta ɗauka babu komai a kansa, ba a kai gare shi ba tukuna. Maganarka tana kan wanda ya biyo ta cikin taɓo." Sai ya ƙara da cewa, "Zancen kaji kuwa, da ma yanke shi zan yi. Ni ma ina da iyali."

Yaya ya dube ni. "Ni na ba shi labarinki," ya ce. "Na ce ina da ƙanwa mai karatun kimiyya. In mun dawo daga salla ke zai ɗauka."

Asabe ta kifa kai a cikin faifan kuɓewa, kafaɗunta suna rawa. Inna ta ci gaba da tuƙi kamar ba ita ta haife ni ba.

Ba a sake ɗaukar ba. Hadari ya haɗo, baƙon yana son ya isa Kibiya kafin ruwa ya tsinke, ya kwashe abin da ɗan akuya ya rage ya hau babur. Da shirin ya fito, Yaya ya tara abokansa a gindin rediyo ko za a ambaci sunansa. Labarin wani saurayi mai gyaran kekuna a Kibiya aka saka, daga farko har ƙarshe. Yaya ya saurara, ya kashe rediyon, ya koma wajen injinsa. Har na koma makaranta, in yana son in miƙo masa buta, Asabe yake gaya wa ta gaya mini, ina zaune a gabansa.

Babu wanda ya zo kama shi. Amma ban sani ba, ko don babu abin tsoro ne tun farko, ko don maganar ta ƙare a cikin akuya. Mutumin ya ce zai yanke; ni ban ga almakashi a jakarsa ba. Har yanzu in na ji ƙarar babur sai na waiga in ga ko mai baƙin tabarau ne.

Abin da na koya dai shi ne, in za ka ceci mutum, ka fara tambayarsa ko yana cikin ruwa. In kuma ka ƙi tambaya ka ɗauki kayan mutane, to don Allah ko sau ɗaya ne ka duba bayanka.