Ranar da Na Yi Wa Baƙo Tafinta a Bakura

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta ranar da aka tsayar da ni gaban ɗan Japan ba. Shekara biyu na yi ina kallon katun ɗinsu na faɗa a waya, ina bin fassarar da ke ƙasa, har na fara ji a raina cewa na iya yaren. Wani abokina ya ba ni shawarar in nemi littafin koyo, na ce masa wane jariri ne ya koyi magana da littafi? (A lokacin har ji na yi na faɗi wata babbar hikima.)

Sai ga labari cewa wani masanin noman shinkafa zai zo daga Japan ya yi wata uku da manomanmu, a lokacin hanya na da sauran lafiya, ba fargabar ɓarayi. Ana neman tafinta. Ni kuma na gama makaranta ina zaman banza a Mafara, aikin nan nake so kamar in yi kuka. Kawu Sani, shugaban ƙungiyar manoman, ya tsaya mini. Ya ce, "Ɗanmu na nan, Japananci kamar ruwa."

Ranar tarbar, dattawa sun cika tabarmi, har da babana a sahun gaba ya sha babbar riga. Baƙon ya fito daga mota, wani tsoho siriri, ya rusuna. Kawu ya juyo gare ni.

"Gaishe shi. Ka ce mai ina gajiya, ina iyali, ya anka baro mutanen gida."

Nan fa na laluba kaina na ji wayam. Ashe a katun ba a gaisuwa! Da mutum biyu sun haɗu sai takobi. Na san yadda ake cewa "tsaya nan", na san "ba zan taɓa yafewa ba", amma ban san "sannu da zuwa" ba. Gumi ya karyo mini. Kawu ya zungure ni, sai bakina ya saki jimla mafi tsawo da na haddace, da irin muryar da na ji ta, har da nuna yatsa.

Tsohon ya ja da baya. Ya dube ni, ya dubi jama'a, sai ya ce da Hausa tsaf, "Malam, me na yi maka?"

Kawu ya ce, "Ashe kana jin Hausa! To mi yac ce maka?"

"Ya ce yau zai rama kisan ubansa."

Babana ya miƙe tsaye. "Wane uban? Ga ni zamne lahiya lau!"

Dariyar da aka yi, na tabbata an jiyo ta a Maradun. Na so ƙasa ta tsage in shige. Shi kuwa tsohon ya zaro wani littafi duk ya sha hannu daga jakarsa, ya ce da shi ya koyi Hausa kafin ya taso. Ya durƙusa ya gaida dattawa ɗaya bayan ɗaya, har da "ina ruwa". Nan take Kawu ya ce ai ba a ma buƙatar tafinta.

Har yanzu ban ce ba a koyon yare a waya ba. Amma kafin mutum ya koyi ɗaukar fansa, ya buɗe shafin farko ya koyi "ina kwana".