Ranar da Na Kira Sunan Mai Gida a Filin Majigi

Ba zan taɓa mantawa da fargabar da na shiga ba a shekarun nan da kuɗi suka fara yawo a ƙasa kamar an ɓarke buhu. Mazan Yankara kowa ya samu abin yi. Wannan ya tafi aikin titi ya dawo da babur, wancan ya dawo da rediyo mai kaset. Nawa mai gidan kuwa yana nan da fartanyarsa. Ga ni da goyo, kullum tunanina kar yarinyar nan ta tashi a ce ubanta kaɗai arziki ya tsallake. (Aji uku na yi a firamare, amma wajen sanin abin da maƙwabta suka saya ba malamin da zai kama ƙafata.)

Wata ranar kasuwa sai ya shigo da takarda. Wai wata makaranta ce a Kaduna, ana koyon fim wata shida. Da ya faɗi kuɗin, na auna da abin da na mallaka, ya zo daidai da bijimin da na gada wajen babana da tumaki biyu. Don Allah a lura, bai roƙe ni ba. Ni da bakina na ce a sayar.

Yayarsa, Yaya Hansai, ta leƙo ranar da aka ja bijimin. Ta ce, "Mi ake koya a fim har wata shida? Ba tsayawa ake yi a ɗauke ka ba?"

Na ce, "Yaya, ilimi ne."

Ta ce, "To, Allah ya sa bijimi ya yi karatu."

Ya tafi, ya dawo da baƙin tabarau da wando mai faɗin ƙafa, da takardar shaida mai hatimi da na liƙa sama da jeren kwanonina. Ya ce har an sa shi a wani fim na gwamnati, kuma in babu shi, fim ɗin ba zai yiwu ba. Na tambaye shi a matsayin wa ya fito, ya ce, "Ke dai babban matsayi ne." Wannan maganar na ɗauka na raba wa matan gari gida-gida kamar goron suna. A wani gidan na ce likita ne, a wani na ce alƙali. Ni ma ban san inda na samo alƙalin ba.

Da aka yi shela motar majigi za ta zo filin firamare bayan magariba, sai Malam ya tuna yana da uzuri a garin Sabuwa. Mai hankali da a nan ta gane. Ni kuwa cewa na yi tawali'u ne irin na manyan mutane.

Na ɗaura atamfar aurena, na saɓa goyo, na zauna a gaba ɓangaren mata, Inna surukata a dama, Yaya Hansai a hagu. Aka haska farin ƙyalle. Likita ya fito da farar riga, ba shi ba ne. Mai gari ya fito da rawani, ba shi ba ne. Mata suka fara kallona ta gefen ido. Can sai ga fuskarsa ta cika ƙyallen nan, kunnensa kaɗai ya kai faifai, yana tafe da buta a hannu.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na nuna shi da yatsa, na ƙwala sunansa. Sunansa na yanka, tsirara, ba Malam ba komai, har sau biyu, a gaban uwar da ta haife shi. Shekara huɗu da aure ban taɓa faɗin sunan nan ba, ko mai irin sunan na gani sai in ce "mai sunan Malam". (A nan ma ba zan rubuta shi ba. Wancan ya ishe ni har kabari.)

Kowa ya juyo gare ni. Daidai nan ne mai lasifika ya ce, "Jama'a, ku dubi wannan mutum. Ga masai an gina, amma shi ya fi son bayan gari."

Malam ya duba dama, ya duba hagu, ya tattare riga, ya tsuguna bayan wata sabara. Aka nuno ƙudaje, kowanne ya kai kaza, suka tashi daga wajensa suka sauka a kan tuwo. Daga nan sai ga shi kan tabarma yana riƙe da ciki yana birgima. Ni kuwa ina nan tsaye, yatsana a sama.

Inna ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Ni da na haife shi ban taɓa kiranshi da ƙarfi haka ba."

Yaya Hansai ta ja zanena. "Zauna, matar alƙali, ana shari'a." Ta ƙara duban ƙyallen, ta gyaɗa kai. "Gaskiya wata shida bai tahi banza ba. Dubi yadda ya iya."

Sau biyu aka maimaita fim ɗin, wai don a fahimta. Washegari motar ta wuce Faskari, daga can Kankara da Ketare da Mabai, duk inda nake da dangi.

Bayan kwana uku Malam ya dawo. Na ajiye masa abinci na ce, "Malam, wannan ne babban matsayin?"

Ya ce, "Mu goma sha biyu ne a ajin, ni kaɗai aka nuna fuskata. Sauran kuwa, ƙudaje aka sa su kamawa."

To, ku yi mani hisabi. Su ma kuɗin da muka biya suka biya, ashe mu ne ma muka ci riba. Masai dai an gina su da yawa a ƙasarmu bayan fim ɗin, wannan ba zan hana shi ladansa ba. Aikin fim kuwa bai sake samu ba, damina na faɗuwa ya koma gona da tabaransa. Abin da na koya shi ne, makaranta ba ta yi ƙarya ba. Ta ce za ta sa shi a fim, ta sa shi. Ni ce ban tambayi zai fito a tsaye ko a tsugune ba.

Don haka in ɗanku ko mijinku ya kawo takardar makarantar fim, kafin ku kwance dabba daga turke, ku je ku ga abin da ɗaliban bara suka fito suna yi. Kuma in Allah ya haɗa mu a kasuwar Yankara, a gaisa kawai, kar a tambaye ni lafiyar alƙali.