Farcen Mis Odile a Bikin Jatan Lande

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ta bayan layin dogo a garin Lafayette bai san Mis Odile Fontenot ba, to zaman banza ya yi. Ita ce shugabar matan coci, ita ce mai ba da shawarar da ba a nema ba, kuma ita Allah ya yi wa baiwar yatsu goma da babu irinsu daga nan har bakin teku. A gabanta Madam Shugaba muke ce mata. In ta ba da baya, Sarauniyar Farce.

Ba mu raina mata ba. Sarauta ai da wahalarta. Kowane mako uku takan tafi shagon Thuy mai gyaran farce, ta zauna a kujerar da ta fi kusa da taga don masu wucewa su amfana. A goge farce, a shafa jan farce mai ƙarko, a tura hannu cikin 'yar fitilar da ke gasa shi, a sake shafawa, a sake gasawa. Thuy ta shekara ashirin tana wannan sana'a, amma Mis Odile ba ta taɓa barinta ta yi aiki cikin jahilci ba.

"'Yar nan, ki bi bakin farcen ki rufe shi, nan ne ruwa ke shiga. A hankali! Wannan hannun da kike riƙe da shi ya gaisa da bishof."

Thuy takan ce, "To, Mis Odile," ta ci gaba da abin da dama take yi.

A gida kuwa akwai Alcide, mijinta, bawan Allah mai haƙuri. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Na Mis Odile biyu ne, kuma ko cokalin shayi ba sa ɗauka sai sun yi shawara. Alcide ke buɗe gwangwani, shi ke ɓalle mata maɓallin riga, shi ke zuge zif, shi ke sosa mata ƙeya. Wanke-wanke kuwa, ta sayi safar roba har kala uku, ta rataye su a kicin don baƙi su ga ta san ƙa'ida. Da safe sai ta miƙa masa hannu ya ɗiga mata mai a gindin kowane farce, tana ƙirga masa kurakurai.

A taron mata ba ta magana da baki kawai. Takan ɗaga hannayen su yi ta yawo a iska kamar tantabaru.

"'Yan'uwa mata, farce ado ne, ba kayan aiki ba ne. Macen da ta kankare tambarin kwalba da farcenta, za ta iya kankare mutuncin gidanta. Ni ba yabon kai ba, nawa bai taɓa ɓamɓarewa ba. Tarbiyya ce."

Matan da suka yini suna goge ɗakin taro su dubi nasu hannun, su ce amin.

Bana sai ga abin mamaki: Verlene Batiste, mai dafa wa makarantar firamare abinci, ta ce ita ma tana son shugabancin. Aka sa zaɓe ranar bikin jatan lande na coci, bayan an ci an ƙoshi. Mis Odile ta yi dariya har da riƙe ciki, da tafin hannu ba da yatsu ba. Duk da haka ta shirya. Ana gobe biki ta sa Thuy ta ƙara wa faratan tsawo, ta lanƙwasa su, ta shafa musu wani ja mai ruwan lemo.

"Ina so a hango ni daga wurin ajiye motoci," in ji ta.

Aka kuwa hango ta.

Ranar biki aka shimfiɗa jaridu a kan dogayen tebura, maza suka juye tukwane. Jatan lande suka yi tsibi, jajaye, suna tururi, ga masara, ga dankali, ga yaji yana shiga hanci. Kowa ya naɗe hannun riga. A murɗe kai, a tsotse, a ɓare jela, a kai baki. Verlene tana zagayawa da tire, romo har gwiwar hannu, tana tsokanar kowa.

Mis Odile ta zauna a gaban tebur, hannaye a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare. Ta waiga neman Alcide ya ɓare mata. Alcide yana can wajen tukunya da ludayi, yana dariya irin wadda ba mu taɓa jin ya yi ba, kuma ranar Allah ya ɗauke masa ji a kunnen da ke fuskantar matarsa.

"Madam Shugaba, ba kya ci?" in ji Verlene. "Ko in tauna miki?"

"Na gode, Verlene. Shugaba ba ta ci sai jama'arta sun ƙoshi."

Cikinta ya yi ƙugi, har tebur na biyu suka ji ra'ayinsa.

Can sai ga mai ɗaukar hoton jaridar coci. Nan Mis Odile ta ga dama ta samu. Ta miƙe, ta gyara hula, ta yi gyaran murya.

"Zo nan, ɗana. Ɗauki hannun da ya haɗa wannan biki. Tarihi yana bukatarsa."

Ta sunkuya ta shimfiɗa yatsunta goma a kan tsibin jatan lande, a hankali, ba tare da sun nutse ba, ta ɗaga kai sama tana murmushin da ta yi mako tana gwadawa a madubi.

A gefenta kuwa Baba Ovide ne ke zaune, tsohon masunci mai shekara tamanin da wani abu, wanda idonsa ya daɗe da yin ritaya amma cikinsa yana bakin aiki. Ya miƙa hannu cikin tsibin yana laluben babba. Ya samu. Ya damƙe ɗan yatsan tsakiya na Madam Shugaba, ya murɗa kamar yadda ya saba murɗawa tun yana yaro.

Ƙarar da ta yi har karnukan unguwa sun amsa. Farcen ya ɓalle ƙas, ya zauna a hannun tsoho. Mai hoto, yaron kirki mai cika umarni, ya danna.

Baba Ovide ya kai abin baki, ya tsotsa, ya sake tsotsa, ya juya shi kusa da ido. Sannan ya jefar da shi cikin tarin ɓawo, ya ɗaga murya don masu tukunya su ji:

"Kai, Alcide! Wa ya sayo wannan? Ga girma, ga ja, ga ƙara, amma ba komai a ciki!"