Kuɗin Kaka a Gaban Mai Canji

"Sannu da hutawa, tsohon miji. Ashe kana nan?"

"Ina za ni, amarya? Na ɗauka kifi ya yi kalaci da ke, har na fara neman wata."

Kaka na zaune a baranda yana fama da murfin rediyo jikarsa ta shigo, ta dawo daga hutun da ta je ƙasar waje don yin nutso a teku. Shi ma ya san ƙasar, ya yi aikin jirgin ruwa yana saurayi. Da za ta tafi ya buɗe akwati ya danƙa mata damin kuɗin can, ya ce katin banki roba ce, mai hankali ba ya dogara da roba.

Ta ja kujera ta soma labari. Ranar da za su shiga ruwa, ta miƙa kati a shagon hayar tulun iska da kayan nutso, na'ura ta ƙi shi. Ashe banki ya rufe katin, don ba ta sanar da su za ta yi tafiya ba. Ga kwalekwale na shirin tashi, ga 'yan'uwan tafiya duk sun shiga.

"Kin gani ko? Robar taki ta ba ki kunya."

"Tsaya ka ji taka kunyar."

Ta ce da gudu ta je wurin mai canji da damin Kaka. Mutumin ya sa tabarau, ya juya takardar, ya kira maƙwabcinsa su yi kallo tare. An daina karɓar irinsu tun ba a haife ta ba. Kaka ya ce ƙarya ne, kuɗinsa garau suke, mai canjin ne yaro bai san kuɗi ba. Ta ce yaron da ko haƙori ɗaya ba shi da shi.

Hawaye ya kusa zubo mata, in ji ta, sai tsohon mai canjin ya shiga shafa wata takarda daga cikin kuɗin. Ya ce da irinta aka biya shi albashinsa na farko. Ya zaɓi 'yan kaɗan zai rataye a bango, ya ba ta kuɗin yanzu da za su ishe ta haya. Ta samu kwalekwalen ana kwance igiya. Da yamma ta kira banki suka buɗe katin.

Kaka ya gyara zama. "To, wa ya kai ki ƙarƙashin teku? Kawo ladana."

"Mai canjin ma ya tambaya ko akwai sauran kayan tarihi a gidanmu. Na ce akwai guda, sai dai ga surutu ga ci."

"Nawa ya taya?"

"Ya ce ko kyauta ba ya so."

Kaka ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya tura mata kofin shayinsa, ya ce ta shanye, yau dai ta kayar da shi.